Yadda Ake Kare Ƙarƙashin Mota Daga Tsatsar Gishirin Hunturu

Duk shekara, da zarar ganyen bishiyoyi ya fara ja a nan Ontariyo, tambaya ɗaya ce ke dawo mini daga 'yan'uwa sababbin zuwa, ɗalibai da masu iyali: "Malam, an ce in kai motata a fesa mata mai kafin sanyi ya shigo. Da gaske ne, ko cin kuɗi ne kawai?" Na amsa a waya, na amsa a harabar masallaci bayan Juma'a, har na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki.

Da gaske ne. Kanada kaɗai tana zuba gishiri kusan tan miliyan 5 a kan titunanta kowace shekara don narkar da ƙanƙara, haka ma jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan, Minesota da Ohayo. Gishirin da muka sani ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga masu sinadarin kalsiyam ko magniziyam. Waɗannan sun fi ɓarna, domin suna jawo laima daga iska. Titi zai bushe, amma abin da ya manne a ƙarƙashin motarka yana nan jiƙe, yana ci.

Motata ta farko a ƙasar nan jikinta yana ƙyalli, ba ko ƙwarzane. A hunturu na biyu, ina fitowa daga wajen ajiye motoci na wani kanti da yarana biyu a baya, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa. Allah Ya kiyaye, a hankali nake tafiya. Da bakanike ya ɗaga ta, ya kira ni ya kama bututun man birki da yatsu biyu, sai ga shi yana marmashewa kamar ƙanzo. Tun ranar nake shiga ƙarƙashin motata da kaina duk shekara. Ga yadda nake yi.

1. Zaɓi lokaci

Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Kana bukatar kwana biyu a jere ba ruwan sama, kuma ɗumin gari ya haura digiri 10, domin mai ya fi ratsa lunguna idan ƙarfe bai yi sanyi ba. Wanda ya makara har dusar ƙanƙara ta sauka, kada ya ce sai baɗi. A yi a cikin gareji mai ɗumi, ya fi a bari.

2. Zaɓi abin da za ka fesa

A nan yawancin mutane suke ɓata kuɗinsu, don haka zan ɗan tsaya.

Abubuwan da ake sayarwa kashi uku ne. Na farko mai ne tsinkakke wanda ba ya bushewa, irin wanda shagunan Krown da Rust Check suke fesawa. Yana malala da kansa ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda aka haɗa da walda, ya kori ruwa. Illarsa ita ce ɗiga na 'yan kwanaki, kuma ruwan titi yana wanke shi daga wuraren da ke fili.

Na biyu mai ne mai kauri da ake yi da maiƙon gashin tumaki, kamar Fluid Film da Woolwax. Shi ma ba ya bushewa, ya fi na farko manne wa ƙarfe, kuma shi ya fi sauƙi ga mai yi da kansa a gida. Yana da ɗan wari irin na garken tumaki kwana biyu zuwa uku, sannan ya tafi. Kusa da shi akwai masu kaki, irin su Waxoyl da Dinitrol da aka fi sani a Turai, waɗanda suke daskarewa kaɗan su daɗe.

Na uku shi ne baƙin shafen nan mai kauri kamar kwalta ko roba, wanda dillalan mota suke son sayar maka ranar da ka sayi mota. Kallo ɗaya za ka yi masa ka ji hankalinka ya kwanta: ƙasan mota baƙi wuluk, tsaf. To, a kan motar da ta riga ta sha gishiri, wannan shafen maƙiyi ne. Bayan shekara biyu ko uku yana tsagewa, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙarfe ya yi ta ruɓewa a ɓoye kana ganin baƙin waje kana murna. Na taɓa sa sukundireba na ɓamɓare irin wannan shafe a motar wani ɗan'uwa, ya taso da faɗin tafin hannu, bayansa jiƙe sharkaf, ja kamar ƙasar gini. Idan mota sabuwa ce fil daga kamfani, ƙarfenta tsaf, ana iya muhawara a kansa. Idan ta hannu ce, ka bar shi.

Ra'ayina: mai tsinkakke a cikin kogunan ƙarfe, mai kauri na gashin tumaki a waje, kuma a maimaita duk shekara. Tsatsar da ke kashe mota daga ciki take farawa, inda ido ba ya kai wa, kuma abin da ke malala ne kaɗai zai bi ta can.

*Gargaɗi:* kada ka fesa tsohon baƙin mai da aka juye daga inji. Yana kumbura roba, yana ɗauke da dattin da ke cutar da fata, kuma a Toronto dokar birni ta hana barin mai ya gangara magudanar ruwan sama. Haka nan ƙaramin akwatin lantarki da ake haɗawa da batir wai yana hana tsatsa. Dabarar tana aiki a jirgin ruwa saboda yana zaune cikin ruwa kullum. Ni ban taɓa ba wani shawarar ya sa kuɗinsa a kai ba.

3. Tara kayan aiki

Jak mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, da katako biyu na datse taya. Ƙaramar guduma, sukundireba babba, buroshin waya na hannu da wanda ake ɗaura wa injin huda, samfefa mai kaushi, tocila mai haske, tamfol ko kwalaye na shimfiɗawa, ledoji da salatif, tsummoki. Tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, takunkumi mai tace tururin mai, safar hannu, da tsofaffin kayan da ba ka jin asararsu. Sai maganin kashe tsatsa da fentin ƙarfe idan ana bukata.

Wajen feshin, hanya biyu ce. Mai kwampireso ya sayi galan ɗaya na mai da bindigar feshi mai zuwa da dogon tiyo wanda bakinsa ke watsa mai ta kowane gefe. Wanda ba shi da shi ya sayi gwangwanayen feshi, biyar ko shida ga ƙaramar mota, da ɗan siririn tiyon da ake ɗaura musu. Ƙaramar mota tana shan kamar lita biyu, a-kori-kura ko babbar jif tana iya cinye galan guda.

Kuɗi kuwa, a dalar Kanada: galan yana kamawa wajen 70 zuwa 100, gwangwani ɗaya 15 zuwa 20, bindigar feshi 50 zuwa 120 gwargwadon kyanta. Idan shago ka kai, ka shirya tsakanin 130 da 200, ya danganta da girman motar. Farashi yana motsi, ka tambaya kafin ka fita. Amma ka auna shi da sake shimfiɗa bututun birki, ko waldar dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin mota, waɗanda ke cin ɗaruruwa har su haura dubu.

4. Wanke ta tas, ka bar ta ta bushe

Kwana ɗaya kafin aikin, ka je wajen wankin mota irin wanda kai kake riƙe tiyo. Ka bi kogon kowace taya, musamman leɓen ƙarfen da ya lanƙwasa ciki a saman tayar baya. Sa yatsanka a wurin za ka ciro laka cike da hannu, ta shekaru, kuma ita ce ke riƙe gishiri kamar soso. Idan motarka mai casis ce daban, wato dogayen ƙarafa biyun da bodi ke zaune a kansu, ka zura tiyo ta ramukansu ka yi ta ɗura ruwa har ka ga yana fita garau ba yashi.

Daga nan ka ɗan zaga gari minti ashirin iska ta busa ta, ka ajiye ta a rana ko a gareji ta kwana.

*Gargaɗi:* kada ka fesa komai a kan laka. Mai zai zauna a kan lakar, ƙarfen da ke ƙasa bai samu ba. Fenti da kaki kuwa ba sa yarda da laima ko kaɗan.

5. Ɗaga motar yadda ba za ta faɗo ba

A kan siminti ko kwalta mai lebur, ba kan ciyawa ko tsakuwa ba. Ja birkin hannu, datse tayoyi, ɗan sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Littafin motar ya nuna wuraren da ake sa jak, ka bi su. Ka sauke ta a kan ƙafafun ƙarfe, ka cire tayoyin ka tura su ƙarƙashin dokin ƙofa su zama kariya ta biyu. Sannan ka girgiza motar da hannu biyu da ƙarfi. Idan ta motsa, ka sake.

*Gargaɗi:* kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na daƙiƙa ɗaya, kuma bulo ba ya maye gurbin ƙafar ƙarfe, fashewa yake yi ba sanarwa. A tsohuwar mota ka duba wajen sa jak ɗin kansa, don tsatsa na iya cinye shi jak ya ɓurma ciki. Ka sa wani a kusa da zai ji kiranka.

6. Bincike da guduma

Cire murafen roba da ke ƙarƙashin inji da cikin kogon taya idan za su ciru. Maɓallansu na roba suna karyewa, ka tanadi sababbi, ba su da tsada.

Yanzu ka kwanta da tocila ka bi motar daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe yana yin "dif", kuma za ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Inda ka yi shakka, danna sukundireba da ƙarfi. Ka fi mai da hankali ga dokin ƙofa, wuraren da shokozoba da sifirin suke ɗaure, ƙarfen da ke ɗauke da inji da na tayoyin baya, maɗaurin tankin mai, da bututun birki da na fetur, musamman inda suka bi ta saman tanki ko suka shiga cikin maƙalin roba. A a-kori-kura ka sauke safayar taya ka duba igiyar ƙarfen da ke riƙe da ita.

Abin da za ka gani iri uku ne. Ja-ja a fuska kawai, wannan ba komai. Tsatsa mai ɓawo da ke tashi falle-falle, wannan aikin mataki na gaba ne. Rami ko ƙarfe mai lotsawa, wannan ya wuce mai, sai mai walda.

*Gargaɗi:* rami a casis ko kusa da maɗaurin taya, ko bututun birki da ya kumbura ya yi ƙuraje, ba abin da za a fesa a rufe ba ne. Ka tsaya ka kai gareji. Idan za a canza bututun birki, ka nemi na gaurayen tagulla da nikel, ba ya tsatsa irin na ƙarfe. Kada kuma ka ce motata sunanta babba ne. A 2016 Toyota ta amince da sasanci na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar casis a Tacoma, Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Ford F-150 tun daga 2015 bodinta alminiyam ne, amma casis ɗinta ƙarfe ne, yana bukatar kulawa kamar kowanne.

7. Kankare, kashe, fenta

Da guduma da buroshin waya ka zubar da duk ɓawon da zai zubo. Ba sai ƙarfe ya yi ƙyalli ba, abin da ake so shi ne kada ya rage wani falle da ruwa zai ɓuya a bayansa. Goge ƙurar, share maiƙo, sannan ka shafa maganin kashe tsatsa da buroshi. Zai mai da jan ya koma baƙi. Ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin robarsa, galibi kwana guda, sannan fenti hawa biyu.

*Gargaɗi:* tsarin nan ba a juya shi. Fenti ne farko, mai daga baya. Duk inda mai ya taɓa, fenti ba zai ƙara kamawa ba sai an sha wahalar wankewa. Kuma kada ka kai injin gurza ƙarfe kusa da tanki ko bututun fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. A jikin bututun birki buroshin hannu kawai, a hankali.

Idan tsatsar ta fuska ce kawai, tsallake wannan mataki. Mai zai jiƙa ta ya tsayar da ita.

8. Rufe abin da bai kamata mai ya taɓa ba

Sa leda ka ɗaure faifan birki da duk abin da ke kama shi, a ƙafafu huɗun. Ka kiyaye salansa tun daga inji har wutsiya, da na'urorin da ke soke a jikinta masu waya, da fambel, da tayoyi. Robar bakin ƙofa ka shafa mata silikon tukuna, domin wasu robobin suna kumbura idan mai ya daɗe a kansu. A mota mai lantarki ko mai haɗin lantarki da fetur, manyan wayoyi masu launin lemo da akwatin batir ba wurin wasanka ba ne, ka nisance su.

9. Fesa ciki tukuna, sannan waje

Idan man ya yi kauri, tsoma galan ko gwangwanin a bokitin ruwan ɗumi minti goma sha biyar. Ruwan ɗumi, ba wuta ba, ba kusa da hita ba.

Fara da koguna. A ƙasan dokin ƙofa da jikin casis akwai ramuka, wasu a buɗe wasu da toshiyar roba. Cire toshiyar, zura tiyo har ƙarshen inda zai kai, danna, ka riƙa janyo shi a hankali yana feshi. A hankali nake nufi, kamar mai zare zare daga allura. Alamar ya isa ita ce ka ga hazon mai yana fita ta ramin gaba, ko yana tsattsafowa ta bakin walda. Ka bi kowane rami ta gaba da ta baya, sannan ka mai da toshiyar.

Sai ƙofofi. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramukan fitar ruwa. Ka tsokane su da tsinke ko siririyar waya su buɗe, ka ɗaga gilashi sama gaba ɗaya, ka fesa kaɗan ta ramin yadda man zai kwanta a gindin ƙofar. Haka leɓen bonet na gaba, da murfin but, da bayan madafin lamba, da kewayen bakin tankin mai.

*Gargaɗi:* ramukan fitar ruwan nan kada mai kauri ko kaki ya toshe su. Ƙofar da ruwa ya kwanta a cikinta ta fi wadda ba a taɓa fesawa ba saurin ruɓewa. Bayan ka gama, ka sake tsokane su.

Yanzu waje. Daga gaba zuwa baya, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bindiga da ƙarfe. Ƙarfe ya jiƙe ya yi sheƙi, ba sai yana zuba ba. Ka bi bututun birki da na fetur tsawonsu duka, ka tsaya a kowane maƙali. Ka miƙa hannu ka fesa saman casis da saman tanki da saman ƙarafan da suka gitta, wuraren da ba ka gani sai da lalube. Nan gishiri yake kwanciya, kuma nan mai gaggawa yake tsallakewa. Kowane noti da ka gani ka ba shi rabonsa, bakanikenka zai yi maka addu'a ranar da zai kwance shi. Kogon taya na ƙarshe, ka ƙara masa kauri don shi ya fi shan duka.

Aikin gaba ɗaya yana ɗaukata awa uku zuwa huɗu idan babu aikin kankare tsatsa.

10. Kafin ka hau titi

Cire ledojin birki, duka huɗu, ka ƙirga su a hannunka. Duba faifan, idan ka ga alamar maiƙo ka wanke da maganin wanke birki. Mai da murafe da tayoyi, ka ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka sake duba su bayan kilomita 80 zuwa 100. Taka birki sau da yawa kafin ka motsa, ka gwada shi a hankali a layinku. Ɗan hayaƙi da wari daga salansa a tafiyar farko ba abin tsoro ba ne idan ɗigo ne ya faɗa mata.

Kwana biyu ko uku ka ajiye ta a kan kwali, ba a kan simintin mai gida ba. Ka bar ta mako ɗaya ko biyu ba wankin ƙasa.

11. Cikin hunturu

Wanki kowane mako biyu, ko bayan kowace babbar dusa da aka zuba gishiri, a ranar da sanyi ya sassauta ya haura sifili. Ƙarƙashin ɗauraya kawai yake so da ruwa mai yawa. Ruwa mai matsanancin ƙarfi da sabulu mai yanka maiƙo za su tafi da man da ka sha wahalar fesawa. Bayan wanki ka goge robar ƙofa da tsumma, in ba haka ba da safe za ka tarar ƙofa ta daskare.

Abin da mutane ba sa zato: gareji mai hita yana hanzarta tsatsa. A waje cikin tsananin sanyi, ƙanƙarar da ke manne da mota a daskare take, ɓarnarta kaɗan. Ka shigo da ita ɗumi, ta narke ta zama ruwan gishiri mai ɗumi, ya kwana yana aiki. Idan dole nan za ta kwana, ka harbe dunƙulen dusar da ke bayan tayoyi tun a waje, ka ƙara yawan ɗauraya.

Ka sa tabarmar roba mai baki a ciki, domin gishirin takalmi yana ratsa kafet ya ci daɓen mota ta sama. Inda tsakuwa ta ɓantare fenti, ɗiga masa fenti da wuri kafin ya yi ƙurji.

12. Idan shago za ka kai

Ba kowa ke da wurin ɗaga mota ba, musamman mazauna benaye. Ka kai ta a wanke. Ka tambaya ko suna huda ramuka a ƙofa da dokin ƙofa. Wasu suna yi, su shafa giris su toshe da roba. Idan ba ka so, ko motar tana cikin garanti, ka faɗa tun farko a bi ta ramukan kamfani. Ka roƙa a bar ka ka leƙa ƙasanta tana sama kafin a sauke. Aikin da aka gama cikin minti goma sha biyar bai shiga koguna ba.

A watan Afrilu, idan gishiri ya ƙare a titi, ka yi mata babban wanki guda, ka leƙa da tocila, ka ƙara mai inda ya goge, galibi kogon taya da gaban casis. Ga masu sayen motoci a gwanjon nan suna turawa gida ta Kwatano ko Legas kuwa, ku duba takardun motar ku ga inda ta yi zamanta. Wadda ta yi shekara goma a Ontariyo, Kebek ko Mishigan, a ɗaga ta a ƙwanƙwasa kamar yadda na faɗa a mataki na 6 kafin a biya kuɗin jirgi. Idan ka ga sabon baƙin shafe mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka sa sukundireba ka ɓamɓari gefe ɗaya ka ga abin da ke bayansa.